Babi na Shida: Wayar Hannu da Ɗalibin Yammacin Zamfara

Ranar 3 ga Satumba 2021, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta umarci kamfanonin waya su rufe layukansu a duk faɗin Jihar Zamfara, bisa roƙon gwamnatin Bello Matawalle, wadda ta ga cewa da waya ne 'yan bindiga ke samun rahoto daga masu yi musu leƙen asiri, da ita kuma suke cinikin kuɗin fansa. Da farko an ce mako biyu za a yi. Gusau ta samu aka buɗe mata a farkon Oktoba, amma sauran jihar, har da Anka da Gummi da Bukkuyum, sai da suka ga ƙarshen Nuwamba. Kwana biyu kafin wannan umarni kuwa an riga an rufe makarantun jihar baki ɗaya, saboda ɗalibai 73 da aka kwashe a sakandaren Kaya ta ƙasar Maradun. Ta haka ɗalibin yammacin Zamfara ya wayi gari ba makaranta, ba kasuwar mako, ba intanet, aka bar shi da wayarsa a hannu tana kunnuwa amma ba ta isa ko'ina.

Duk mai son ya fahimci mas'alar da wannan babi ya ƙunsa, ta jarabar waya, lalle ne ya tsaya a kan watannin nan uku, domin sun gwada mana abin da iyaye da malamai da yawa suka daɗe suna fata, watau a ɗauke abin gaba ɗaya a huta. An ɗauke shi, ba da nufin gyaran yara ba, amma dai an ɗauke. Abin da ya biyo baya ba komawa ga littafi ba ne. Masu hali sun riƙa ƙetarawa zuwa garuruwan jihohin maƙwabta don neman sabis, wasu da lalura ta gaskiya, wasu kuwa ba abin da ya kai su illa ganin saƙonnin da suka taru. Waɗanda ba su da kuɗin mota suka koma wajen masu turi, aka cika musu memori da finafinan Indiya masu fassara da na Kano da waƙoƙi, aka ci gaba da kallo kamar da, sai dai abin kallon ne ya tsufa. Da layi ya dawo, kowa ya koma inda ya tsaya. Ni a ganina wannan hujja ce babba a kan cewa cutar ba a cikin turken sabis take ba, kuma wanda ya ce maganinta shi ne hani tsantsa, to, an jarraba maganinsa a kan jiha guda, ba a ga waraka ba.

Ya kamata mu san abin da muke kira cuta, don kada mu zalunci yaran da ba su kamu ba. Ba duk wanda ya daɗe a kan waya ne ya zama mai jaraba ba, kuma masana ilmin halayyar ɗan Adam su kansu ba su gama ittifaƙi a kan iyakar abin ba. Wata malama a Amurka, Kimberly Young, tana cikin waɗanda suka fara gabatar da bincike a kansa a 1996, daga baya ta tsara tambayoyi ashirin da ake auna mutum da su. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta yi taka-tsantsan: a 2019 ta shigar da jarabar wasannin kwamfuta da na waya cikin kundin cututtukanta, kundin ya fara aiki a Janairun 2022, amma ba ta ce duk hawa intanet cuta ne ba. Alamomin da ta kafa uku ne, kuma ko da yake don wasanni aka tsara su, sun dace a auna sauran da su: mutum ya kasa mallakar kansa wajen farawa da tsayawa, abin ya sha gaban sauran wajibansa, ya ga illa ƙarara a karatunsa ko zamansa da mutane amma ya ci gaba, har hakan ya ɗauki kimanin shekara. Wanda ya karanta fiƙihu ba zai ji wannan baƙon abu ba, domin malamanmu tun da can sun san cewa abu na iya zama halal a asalinsa, sa'an nan hukuncinsa ya sauya gwargwadon abin da ya shagaltar da mutum daga gare shi. Yaron da ya kalli ƙwallo bayan ya gama tilawarsa daban, wanda kuma asuba ta riske shi ido biyu, ya yi salla bayan rana ta fito, ya shiga aji yana gyangyaɗi, ya kuma maimaita haka gobe alhali ya yi wa kansa alkawari ba zai sake ba, shi ma daban.

Sa'an nan kuma adalci ne a faɗa cewa ba raunin yaron kaɗai ne ya kai shi nan ba. Kamfanonin da suka mallaki Facebook da TikTok da YouTube ba su karɓar ko kwabo daga hannunsa. Abin da suke sayarwa ga masu talla shi ne lokacin da ya ɓata yana kallo, saboda haka duk hikimar injiniyoyinsu ta tattaru ne a kan yadda zai ƙara minti ɗaya. Tun a tsakiyar ƙarnin da ya wuce wani masani, B. F. Skinner, ya nuna da tantabaru cewa ladan da ba a san lokacin zuwansa ba ya fi sa dabba naci bisa ga ladan da aka saba da lokacinsa. A kan wannan ƙa'ida ake caca, a kanta kuma aka gina jerin bidiyon da ba ka san abin da na gaba zai zo da shi ba sai ka ja da yatsa. A 2006 aka ƙirƙiro shafin da ba shi da ƙarshe, wanda kana kusa da gindinsa sai ya ƙara tsawo, kuma Aza Raskin, wanda ake jingina wa wannan ƙirƙira, ya fito daga baya ya bayyana nadamarsa. Littafi yana da ƙarshen babi, wasan kwaikwayon rediyo yana da lokacin rufewa, hirar dandali ma sanyi ko barci kan watsa ta. Wannan kuwa da gangan aka cire masa wurin tsayawa. To, ɗan shekara goma sha biyar a Nasarawar Burkullu ko Daki Takwas shi ne aka ce ya yi kokawa da wannan shi kaɗai.

Akwai kuma wani sababi da ya keɓanci ɗan talaka, wanda masu rubutu daga ƙasashen Turai ba su cika lura da shi ba. Tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, kamfanoni suka gane cewa layukansu ba su da cunkoso da tsakar dare, sai suka mai da dare lokacin garaɓasa: da farko kiran dare kyauta, wanda samari da 'yan matan wancan zamani ba su manta da shi ba, daga baya kuma data mai rahusa wadda ba ta aiki sai bayan sha biyu, ta mutu kafin gari ya waye. Ɗan mai kuɗi yana iya hawa da rana ya kwanta da dare. Ɗan talaka kuwa, wanda ya tara canjin aike ko ladan dako ya sayi Itel ko Tecno ta hannu, ya kai ta shagon mai caji da la'asar ya karɓo da magariba, tilas ya jira dare ya raba, kuma da yake ya biya, ba zai yarda ya kwanta ya bar sauran data ta ƙone ba. Ƙarin kuɗin kira da data da hukuma ta amince da shi a Janairun 2025, wanda ya kai kashi 50 cikin ɗari, babu abin da zai yi wa irin wannan yaro illa ƙara tura shi cikin dare. Barci kuwa, kamar yadda likitoci suka tabbatar, a cikinsa ne ƙwaƙwalwa ke zaunar da abin da aka koya da rana. Wanda ya sayar da barcinsa, haddarsa ya sayar.

Mutanen wannan yanki sun taɓa ganin wani abu da ya shigo gida da sunan arziki, kuma ina ambatonsa da nauyin zuciya, ba don in daidaita musiba biyu ba, domin mutuwar ɗa ba ta da tamka. A watan Maris na 2010 ne likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka lura da yawan mutuwar ƙananan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, bincike ya nuna gubar dalma ce. Farashin zinariya ya tashi a duniya, maza suka riƙa ɗauko duwatsu daga ramuka suna kawowa cikin gari, ana niƙa su da injin niƙan hatsi, mata suna dakawa a turmi, ana shanyawa a tsakar gida inda yara ke rarrafe. A Dareta da Abare da Sunke da Tungar Daji da Bagega, da 'Yargalma da Tungar Guru, yara fiye da 400 suka rasu, dubbai kuma suka rayu da gubar a jininsu. Babu uban da ya nufi ɗansa da sharri. Kowa neman abin cefane ya fita, kuma ƙurar ba ta da wari balle a guje ta. Abin lura shi ne yadda aka shawo kan al'amarin. Ba haramta haƙa ne ya ceci yaran ba, domin ko haramcin da Gwamnatin Tarayya ta sa a 2019, wanda don tsaro aka yi shi, bai rufe ramuka ba. Abin da ya yi amfani shi ne an kankare ƙasar gidaje an zuba sabuwa, aikin da bai isa Bagega ba sai 2013, an fitar da niƙa da wanki bayan gari, an koya wa mahaƙa su wanke jiki su sauya tufa kafin su shiga wurin iyali, sarakuna da limamai kuma suka sa baki. Watau an bar mutane da sana'arsu, amma an shata mata wuri, an raba ta da makwancin yara. Irin wannan shata iyaka ce nake nema wa waya.

A 2024 wata guguwa ta ratsa Arewa, wadda matasa suka kira mainin. Aka ce wanda ya yi ta danna fuskar wayarsa a cikin wasu wasanni na Telegram zai tara sulallan intanet da za su zama dala. Da ɗaya daga cikinsu, Notcoin, ta fito kasuwa a watan Mayu, wasu suka samu wani abu, labarinsu ya cika gari, sai kowa ya duƙufa, ɗalibi da malaminsa, har da matan aure. Da Hamster Kombat ta fito kasuwa a ƙarshen Satumba, galibin waɗanda suka shafe watanni suna dannawa ba su samu abin da ya kai kuɗin datar da suka ƙona ba. An yi dariya an wuce, amma abin da ya rage a zuciyar yaro ba abin dariya ba ne: ya koyi cewa arziki abu ne da ke faɗowa, ba abin da ake bi ta hanyar shekara shida a aji ba. Daga nan zuwa cacar ƙwallo taku ɗaya ne, kuma ko da yake tun Oktoban 1999 Zamfara ta yi shelar shari'ar Musulunci, shagon caca na yanzu a aljihu yake, inda Hisba ba ta da ƙofar da za ta garƙame.

Sai dai duk wannan bai kai ga asalin ciwon ba. Mu lissafa abin da ya sami ɗalibin da ya shiga aji ɗaya na sakandare a 2019. A Maris na 2020 annobar korona ta rufe makarantu har tsawon watanni. A ranar 26 ga Fabrairu 2021 aka sace 'yan mata 279 a makarantar Jangebe ta ƙasar Talata Mafara, aka rufe makarantun kwana. A Satumba aka rufe duka, ba a fara buɗe wasu ba sai farkon 2022, kuma a makon farko na wannan shekarar ne aka yi kisan gilla a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, mutane suka yi ta kwarara cikin gari gudun hijira. Gonar da da can ke cinye yinin saurayi da damina ta zama wurin da ba a zuwa sai da fargaba, ko da biyan haraji ga ɓarayin daji. Kiwo ya tafi tare da shanun. Malamin da aka tura ƙauye ya ƙi zuwa, kuma ba mai ganin laifinsa. Yayyensa da suka daure suka kai aji shida kuwa, sun tarar gwamnati ba ta biya hukumomin jarrabawa bashinsu ba, an riƙe sakamako, har sai da gwamnatin Dauda Lawal ta kafa dokar ta-ɓaci a kan ilmi a ƙarshen 2023 ta shiga biya. Yanzu a gaya mini, yaron da aka raba da aji, aka raba da gona, aka hana shi fita bayan gari, aka kuma nuna masa cewa takardar da yake wahala dominta ba lalle ta fito ba, ina ake so ya kai sa'o'insa? Waya ba ta kori makaranta daga rayuwarsa ba. Kango ta tarar, ta shiga ta zauna. Ga wasu ma, musamman waɗanda suka ga abin da bai kamata yaro ya gani ba, kallon nan hanya ce ta gudun tunani, kuma wanda ya zo musu da bulala kafin ya tambayi abin da ke hana su barci ya yi gaggawa.

Wannan bai rage girman ɓarnar ba. Malaman Islamiyya suna kukan cewa yaron da da kan riƙe shafi guda a zama ɗaya yanzu ba ya iya haƙurin rabinsa, domin hankalin da ya saba da sauyin hoto kowane daƙiƙa talatin ba ya son zama a kan layi ɗaya yana maimaitawa. Muraja'a kuwa gaba ɗayanta maimaici ce. Malaman boko suna ganin rubutun hira ya shigo takardar jarrabawa, an gutsure kalmomi, ba Hausa ba Turanci. Lokacin jarrabawar fita kuma, maimakon bita, sai a shiga neman guruf ɗin da za a turo amsa, a biya kuɗi, sau da yawa ma a damfari yaron. Ta ɓangaren 'yan mata akwai wata ƙofa dabam: wayar da saurayi ya kawo toshi, wadda uwa ta sani uba bai sani ba, ake ɓoyewa cikin kwalla ko ƙarƙashin katifa. Ba kowace ce ke kai wa ga fitina ba, amma kowace tana cin dare.

Duk da haka ba na tare da masu cewa a ƙwace. A ƙasar da saƙo ɗaya ke sanar da ƙauye cewa an ga babura sun ƙetare gulbi, ba a ce wa iyali su rabu da waya, kuma sau da yawa ɗalibin gidan ne ya iya karanta saƙon. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta, ɗan Gummi ko Bukkuyum da bai taɓa dannawa ba zai zauna ne kusa da ɗan Legas da ya tashi da ita. A cikin wayar nan akwai tafsiri, akwai littattafan da kakanninmu suka yi tafiyar watanni don su kwafa, akwai darasin lissafi ga wanda makarantarsa ba ta da malamin lissafi. Ƙasashen da suka riga mu shiga wannan hali ma ba su tsaya a kan ra'ayi ɗaya ba. Koriya ta Kudu ta hana yara wasannin intanet bayan sha biyun dare a 2011, ta soke dokar a 2021, a shekarar da Sin ta taƙaita wa yaranta wasa zuwa sa'a uku a mako. Faransa ta fitar da waya daga makarantun firamare da ƙaramar sakandare a 2018. Ostareliya ta yi doka a ƙarshen 2024 ta hana 'yan ƙasa da shekara 16 buɗe shafukan sada zumunta. A cikinsu duka, abin da ya fi dacewa da ƙarfinmu shi ne na Faransa, domin ba ya bukatar na'ura ko kasafi, sai shugaban makaranta mai tsayuwa a kan magana da akwati mai kwaɗo.

Mu kuwa muna da gadon da ya kamata mu waiwaya. Ƙasar Zamfara ce Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna kimanin shekara biyar yana wa'azi da karantarwa tun kafin jihadi, kuma makarantar zaure da ta allo da muka gada ba da yawan kayan aiki ta yi ƙarfi ba, sai da tsarin lokaci: karatun asuba, tashi da hantsi, komawa bayan azahar, zaman dare a bakin wuta, hutun Alhamis da Juma'a wanda ba mai taɓa shi. Littafin Ta'alimul Muta'allim na Zarnuji, wanda har yau almajirai ke karantawa, ya ƙarfafa wa ɗalibi rage abubuwan da ke ɗauke zuciya, da zaɓen abokin karatu, da ribatar lokacin sahur. Malaman nan ba su haramta wasa ba. Sun ba shi ranarsa. Abin da ya ɓace mana shi ne wannan rabon, kuma mayar da shi ba ya wuyar faɗa: waya ta kwana a ɗakin maigida, ko a hannun uwa, daga bayan isha'i zuwa an dawo makaranta, kada ta shiga aji, ta boko ko ta Islamiyya, a san wanda ya saya, a san inda kuɗin data ke fitowa. Wuyar tana wajen manya, domin uban da ke cin tuwo da hannu ɗaya yana jan TikTok da ɗayan, da malamin da ke barin aji ya fita amsa saƙo, ba su da bakin kafa wannan doka sai sun fara hawa kanta.

Saura kuma ya rage ga masu iko. Ina roƙon masarautun Anka da Bukkuyum, waɗanda muryarsu ta yi aiki lokacin gubar dalma, da ta Gummi, su tara shugabannin makarantu da limaman Juma'a da ƙungiyoyin iyaye a yi magana ɗaya a kan wayar dare da wayar aji, don kada gida ɗaya ya hana, maƙwabcinsa ya sake. Ina kuma roƙon gwamnatin jiha da ƙananan hukumomin nan uku su tabbatar akwai malami a gaban allo tun daga Litinin har Juma'a, a ba malamin ƙauye tsaro da alawus ɗin da zai zaunar da shi, a biya kuɗin jarrabawa a kan kari, a kuma sa 'ya'yan 'yan gudun hijirar da ke cikin garin Anka a rajistar makaranta da sunayensu kafin zangon karatu mai zuwa.